Injin Jirgin Ruwa Ya Fi Shan Wuya A Kan Titi

Garin Kafanchan garin reluwe ne tun shekarar 1927, lokacin da layin dogo na gabas ya ratsa ta nan, kuma ba a san shi da harkar jiragen ruwa ba. Ruwan da ya yi suna a kewayensa, watau Matsirga, daga kan dutse yake zubowa, ba wurin tuƙa jirgi ba ne. Amma tun da aka datse Kogin Gurara a kudancin Jihar Kaduna, aka sami babban tafkin da ake tura ruwansa zuwa Abuja ta cikin bututu mai tsawon kimanin kilomita 75, kamun kifi da zirga-zirgar kan ruwa suka sami gindin zama a yankin. Daɗin daɗawa, ambaliya irin ta 2012 ta nuna wa hukumomi cewa ko garin da ke kan tudu yana iya bukatar jirgin ceto.

To, duk jirgi mai inji da za a kai irin wannan wuri, tilas ta kan titi zai bi, ko a bayan babbar mota ko a kan ƙaramar tirela mai ƙafa biyu wadda mota ke ja. A nan ne kuwa ake yin ɓarnar da ba a kan lura da ita sai bayan an sa jirgi a ruwa.

YADDA ƁARNAR KE FARUWA

Injin da ake magana a kansa shi ne irin wanda ake rataya wa jirgi a baya, wanda wani mutum mai suna Ole Evinrude ya yi fice da ƙera shi a Amurka a 1909, kamfanin Yamaha na Japan kuma ya fito da nasa na farko a 1960. Nauyinsa duka yana rataye ne a kan allon baya na jirgin. Mai ƙarfin doki 15 yakan kusa kilo 40, mai ƙarfin doki 40 yakan kai kilo 70 ko fiye, manya kuwa suna wuce kilo 200.

A cikin ruwa allon nan yana ɗaukar turin inji ne a hankali, ruwa kuma yana tausasa kowane motsi. A kan titi babu wannan sassauci. Idan aka ɗaga ƙafar injin sama don kada ta taɓa ƙasa, sai ta miƙe baya kamar hannun mutumin da ya riƙe bokitin ruwa nesa da jikinsa. Kowane rami da taya ta faɗa, ƙafar za ta yi sama ta dawo da ƙarfi, allon baya da ƙarfen da ya riƙe injin su ne za su sha dukan. Wanda ya san gangaren da ke tsakanin Kagoro da Gidan Waya, ko hanyoyin burji da ke shiga ƙauyukan Kagarko da Kachia bayan damina ta zauna, ya san ba sau ɗaya ko sau goma za a yi wannan duka ba kafin a isa.

Da fari wata 'yar tsaga ce za ta bayyana kusa da ramukan ƙusoshi. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin jiragen faiba katako ne a cikin allonsu na baya. Ruwa na samun tsagar sai ya shiga, katakon ya ruɓe daga ciki alhali waje yana sheƙi. Ran da aka cika jirgi da mutane da buhunan kaya aka ba inji wuta, ran nan ne allon ke nuna halinsa, a tsakiyar tafki.

WANE TALLAFI YA DACE?

Shawarar farko da littattafan masu ƙera injinan ke bayarwa ita ce a ja jirgi injinsa yana tsaye a miƙe, kamar yadda yake aiki a ruwa, muddin akwai isasshen tazara tsakanin tsininsa na ƙasa da titi. A haka nauyi yake sauka kai tsaye a kan allo ba tare da lilo ba. Sai dai ana auna tazarar ne bayan an haɗa tirela da mota an ɗora kaya, ana kuma tuna tudun rage gudu na cikin garuruwa da bakin kwalbati. A yawancin hanyoyin karkara tazarar ba ta isa, don haka tilas a ɗaga inji a tallafe shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogara ga ɗan ƙarfen nan da ke jikin inji wanda ke riƙe shi a ɗage. An yi shi ne don lokacin da jirgi ke ajiye a bakin ruwa ko a gaban makaniki. Littafin Yamaha ya hana jan tirela da shi ƙarara, domin girgiza tana iya kuɓutar da shi inji ya faɗo.

Tallafi na gaskiya iri biyu ne. Na farko sanda ce ta ƙarfe mai baki kamar gwafa, an lulluɓe bakin da roba. Gwafar tana rungumar ƙafar inji sama da farfela kaɗan, ɗaya ƙarshen kuma yana kafe a ƙarfen baya na tirela. Amfaninta shi ne tana kwashe wani kaso na nauyin daga allo ta mayar wa tirela. Amma tana da sharaɗi: lalle jirgi ya zama an ɗaure shi tamau da tirela ta baya da gaba. In ba haka ba, jirgi zai yi tsalle dabam, tirela dabam, sandar kuma ta riƙa dukan giyabos kamar taɓarya. Sanda a jikin jirgin da ba a ɗaure ba ta fi rashinta illa.

Na biyu wani dunƙule ne na roba mai tauri da ake zura wa sandar ɗaga inji, a irin manyan injinan da ake ɗagawa da maɓalli. Ana sauko da inji a hankali har ya danne shi. Wannan ba ya taɓa tirela, saboda haka ba ya kawo dukan titi ga giyabos, kuma yana kare sandar ɗagawa. Sai dai nauyin yana nan a kan allo. Ya dace da jirgi mai lafiyayyen allo. Tsohon jirgi wanda allonsa ya fara taushi, sanda mai gwafa ta fi masa.

Akwai kuma dabarar da makanikai suka saba da ita, watau cusa guntun katako mai ƙwari tsakanin inji da ƙarfen da ya riƙe shi. Tana aiki idan katakon ya zauna daram, an kuma ɗaure inji ƙasa da igiya mai ƙarfi don kada ya ɗaga katakon ya zame. Wannan ɗauri wajibi ne ga duk injin da da hannu ake ɗaga shi, ko da an sa masa sanda.

ƘARAMIN INJI A CIRE SHI

Ga masuntan da injinsu bai wuce ƙarfin doki 15 ko 25 ba, babu tallafin da ya kai cire shi gaba ɗaya a kwantar da shi a cikin mota a kan tsohuwar taya ko katifa. A bari ruwan cikinsa ya tsiyaye tukuna yana tsaye, a kuma tabbata kansa ya fi farfela tudu, don kada sauran ruwa ya gangara cikin silinda. Idan injin irin mai tukunyar baƙin mai ne, to, sai a kwantar da shi a gefen da littafinsa ya nuna kawai. In aka saɓa, man zai malala inda bai kamata ba.

Sauran abubuwan kiyayewa ƙanana ne amma suna da tasiri. A ɗaure inji kada ya riƙa juyawa hagu da dama a kan kwana. A sa shi a giyar gaba don iska kada ta yi ta juya farfela. Bayan tafiyar kilomita kaɗan direba ya tsaya ya sake jan igiyoyi, domin a farkon tafiya ne suke saki. Da an isa kuma, kafin a tura jirgi ruwa, a kama ƙafar inji a jijjiga ta sama da ƙasa ana duban allo. In allon ya motsa ko ya yi ƙara, jirgin bai cancanci ɗaukar mutane ba.

Kowane maƙerin walda a Kafanchan ko Kachia yana iya haɗa sanda mai gwafa a cikin yini guda, da guntun bututun ƙarfe da robar tsohuwar taya, idan an kawo masa tirelar ya auna. Kuɗin aikin ba ya kusa da kuɗin giyabos ɗaya, balle ran fasinjan da zai shiga jirgin a Gurara yana kyautata zaton cewa wanda ya kawo shi ya kula da shi a hanya.