Sharar Direbobin Linux da Rabon Wayoyin Kankia da Kusada

Yawancin wayoyin da ake jerawa a shagunan caji na Kankia da Kusada ƙirar Tecno ne da Infinix da itel, kuma duk wadda ke aiki da Android, Linux ne a ƙarƙashinta, tsarin da Linus Torvalds ya fara a 1991. Kaso mafi tsoka na rubutun Linux direbobi ne, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa tsarin da kyamara da batir da allon taɓawa. Tun 2001 masu bincike a Jami'ar Stanford suka gano cewa kurakuran direbobi sun ninka na sauran sassa sau 3 zuwa 7.

Inda ɓarakar ta fi ɓuya shi ne hanyar ja da baya. Direba in zai tashi, yakan karɓi abubuwa bi da bi: gurbi a ƙwaƙwalwa, wuta, makulli. In mataki na huɗu ya ƙi, tilas ya mayar da ukun farko, kamar magini da ya aro kayan aiki gida-gida sai ruwa ya hana aikin. Mai rubutun ba kasafai yake gwada wannan hanya ba, tunda na'urar da ke gabansa lafiyarta ƙalau. Haka kuskure ke yin shekaru yana barci.

Tsohuwar dabarar ita ce umarnin goto, wanda Edsger Dijkstra ya soka tun 1968, amma Linux ya riƙe shi don tattara sharar, wato mayar da kayan da aka karɓa, a ƙarshen aiki. Yana aiki, sai dai in an tsallaka zuwa layin da ba shi ba, ko a manta da wani abu, ko a mayar da shi sau biyu. Don haka a 2007 Tejun Heo ya kawo tsarin devm, mai mayar da kayan da kansa. A 2020 aka ƙara dev_err_probe, wanda ya dunƙule layuka da dama zuwa ɗaya mai faɗin abin da ya lalace. A 2023, cikin Linux 6.5, Peter Zijlstra ya kawo hanyar da shara ke faruwa da zarar an fita daga aikin. Harshen rubuta manhaja na Rust ma, mai yin irin wannan shara da kansa, ya shiga Linux a 2022.

Dalilin wannan yunƙuri a fili yake: masu dubawa kaɗan ne, rubutu kuwa tuli, kuma abin da ido bai karanta da sauƙi ba, ba zai kama kuskurensa ba. Ranar 19 ga Yuli 2024 duniya ta ga kuɗin sakaci a matakin direbobi, lokacin da sabuntawar CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5.

Amma sharar ba kyauta ba ce. Gauraya devm da tsohuwar hanya a direba ɗaya na iya rikita jerin mayarwa, a haifi sabon kuskure. Kowane gyaran kwalliya kuma yana wahalar da masu kai gyaran tsaro zuwa tsofaffin sigogi, shi ya sa masu kula da sashen sadarwa na Linux suke ɗari-ɗari da sababbin hanyoyin. A ganina suna da hujja, ko da yake riba ta fi asara yawa.

Damuwata ta fi karkata ga namu rabon. Direbobin wayoyi masu araha galibi kamfanonin guntu irin su MediaTek da Unisoc ke rubuta su a gefe, kan tsohuwar siga, ba tare da sun bi ta hannun masu duban Linux ba. Google ta ɗauki matakin rage wannan rarrabuwa a Android 12 a 2021, amma wayar da aka daina sabuntawa ba ta da rabo. In kyamararta ta maƙale saboda direba, mai gyara a Kankia zai yi mata filashin, ya mayar mata da manhajar da ta zo da ita daga kamfani, da kuskuren a ciki.