Wa ke faɗa wa waya lokacin da za ta yi gudu?

Furosesar da ke cikin wayarka ba ta gudu iri ɗaya daga safe har dare. Idan saƙo kake karantawa, takan sassauta. Da ka buɗe bidiyo ko wasa, sai ta ƙara wuta. Dalili kuwa shi ne batir da zafi. Gudu mai yawa yana buƙatar ƙarfin lantarki mai yawa, kuma cin wutar ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin: idan aka ninka ƙarfin lantarkin sau 2, wutar da za a ci takan ninka sau 4, tun ma ba a lissafa ƙarin gudun ba.

Mai yanke wannan hukunci shi ne kanel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da na'urar. A wayoyin Android, kanel ɗin Linux ne. To, amma shi kansa bai zo duniya da sanin kowace furosesa ba. Kamar direba ne da aka miƙa wa makullin motar da bai taɓa hawa ba, sai an gaya masa giya nawa gare ta da iyakar kowace ɗaya.

A kwamfutocin tebur da na cinya, wannan bayani yana zuwa ne ta hanyar ACPI, ƙa'idar da Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. Na'urori masu furosesar ARM kuwa, irin su wayoyi, sun daɗe cikin ruɗani, domin kowane allon lantarki na cikin na'ura sai an rubuta masa nasa bayanin a cikin kanel ɗin. A 2011 Linus Torvalds ya fito fili ya nuna fushinsa kan wannan tarkace. Daga nan aka rungumi abin da ake kira bishiyar na'urori, dabarar da aka gada daga Open Firmware na kwamfutocin Sun da na PowerPC. Fayil ne daban da ke zayyana abin da ke kan allo, ana miƙa wa kanel shi lokacin kunnawa.

A cikin bishiyar akwai wani ɗan jadawali, kuma a nan maganar take. Ɗauki furosesar Rockchip RK3399, mai ƙananan ƙwayoyin sarrafawa 4 da manya 2. Jadawalin manyan ya fara daga megahaz 408 a kan kusan bolt 0.8, yana hawa mataki-mataki har gigahaz 1.8 a kan bolt 1.2. Ƙananan suna tsayawa a wajen gigahaz 1.4. Ana kuma rubuta tsawon lokacin da sauyin mataki ke ɗauka, da cewa ƙwayoyin rukuni ɗaya agogo ɗaya suke bi, ba a ɗaga ɗaya a bar sauran. Da wannan ne kanel ke sanin tsarin da zai bi: in zai hau, ya fara ƙara ƙarfin lantarki kafin gudu, in zai sauka, ya fara rage gudu.

Idan jadawalin ya yi ƙarya fa? A ba gudu mai yawa lantarki kaɗan, furosesa ta fara kuskuren lissafi, waya ta sandare ko ta kashe kanta. A ba ta fiye da buƙata, ta yi ta zafi, batir ya ƙare da wuri, ƙwayoyin su tsufa kafin lokacinsu.

Shi ya sa nake ganin masu kula da Linux sun yi daidai da suka dage cewa bishiyar ta faɗi abin da na'urar za ta iya kawai, ban da abin da wani yake so. Zaɓen mataki aikin wani sashe ne da ake kira gwamna, irin su schedutil da ya shigo a Linux 4.7 a 2016. Shi ma idan ma'aunin zafi ya kai iyakar da aka rubuta, tilas a sauko.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri kan wuce digiri 40, waya kuma tana aljihu ko tana caji a rumfa. Idan ta yi sanyin jiki a irin wannan lokaci, sau da yawa kare kanta take yi, ba lalacewa ta yi ba. Masu gyaran waya, don Allah kada ku yi wa waya filashin da manhajar wani samfurin don kawai sunayensu sun yi kama, domin jadawalin zai iya bambanta. Kai kuma mai waya, duk wanda ya ce zai buɗe maka gudun da kamfani ya kulle, ka tambaye shi da wane ƙarfin lantarki, kuma wa ya gwada. In bai da amsa, karɓi wayarka.