Ƙauna da Tausayi a Koyarwar Kirista Game da Kisan Masu Sauya Jinsi



Abin da na yi niyyar tattaunawa a kansa yau magana ce mai nauyi a baki, wadda galibi akan kauce mata a irin wannan zaure. Ita ce maganar mutanen da ake kira masu sauya jinsi, da kisan gillar da ake yi musu a wasu ƙasashe, da kuma yadda wasu mabiya addinin Kirista suka fuskanci al'amarin. Tambayar da ke ƙarƙashin laccar guda ɗaya ce: idan ka tarar da mutum kwance cikin jini, alhali addininka bai yarda da irin rayuwarsa ba, me ya wajaba a kanka?

Tun da yake nazarin harshe ne sana'ata, bari mu fara da tantance kalmomi, don kada mu ruɗe. Bahaushe ya san mata-maza, watau wanda aka haifa da halittar da ba ta fito sosai ta namiji ko ta mace ba. Ya kuma san ɗan daudu, namiji mai kwaikwayon mata wajen magana da karairaya da sana'ar abinci, wanda sau da yawa yana da aure da 'ya'ya, bai kuma daina ɗaukar kansa namiji ba. Mai sauya jinsi daban yake da waɗannan biyu. Shi mutum ne da aka haifa namiji amma yake jin a ransa mace ce shi, ko aka haifa mace take jin namiji ce, har ya canja suna da sutura, wani ma ya kai ga shan magani ko yin tiyata. Laƙabin ma bai cika daidai ba, domin da yawansu ba su taɓa zuwa gaban likita ba; amma shi kafofin watsa labarai suka saba da shi, da shi za mu yi aiki.

A watan Nuwamba na 1998 aka sami wata baƙar fata mai sauya jinsi, Rita Hester, a ɗakinta a birnin Boston ta Amurka, an sassoke ta da wuƙa. Daga juyayin mutuwarta aka fara, a 1999, keɓe rana don tunawa da irinta, wadda ta zauna a kan 20 ga Nuwamba. A ranar akan kunna kyandir, a karanta sunayen waɗanda aka kashe a cikin shekara, ɗaya bayan ɗaya. Wata ƙungiya ta Turai mai suna Transgender Europe tana tattara lissafin kisan tun daga 2008, kuma ya zuwa 2024 adadin ya haura 5,000. Daga Oktoban 2023 zuwa Satumban 2024 kawai ta ƙidaya mutum 350. Wajibi ne a lura cewa lissafin na waɗanda labarinsu ya fito ne kurum, saboda haka ƙasar da ba a rubuta kome ba za ta bayyana kamar ba a kashe kowa. Duk da haka, mafi yawan abin da aka rubuta daga Latin Amurka yake, ƙasar Brazil kuwa ita ce kan gaba shekara da shekaru. To, a nan maganar ta shafi Ikilisiya kai tsaye, domin waɗannan ƙasashe ne na Kirista, inda sau da yawa wanda ya kashe da wanda aka kashe duk an yi musu baftisma.

Kalmar da Kirista Hausawa suke amfani da ita wajen fassara babbar koyarwar addininsu ita ce ƙauna. Ina ganin masu fassara sun yi dace da ba su zaɓi so ba. So yana tafe da sha'awa da zaɓi, shi ya sa muke cewa son kai, son zuciya. Kalmar Girkanci ta asali, agafe, tana nufin neman alheri ga wani ko da bai burge ka ba, ko da maƙiyinka ne. Misalin da ya fi bayyana wannan yana cikin Linjilar Luka, sura ta 10. Wani masanin Attaura ya tambayi Yesu Almasihu ko wane ne maƙwabcin da aka umarce shi ya ƙaunata. Sai aka ba shi labarin matafiyin da 'yan fashi suka tare tsakanin Urushalima da Yariko, suka tuɓe shi, suka yi masa dūka, suka bar shi rai a hannun Allah. Malamin addini ya zo ya ratse, ma'aikacin Haikali ma ya ratse. Wanda ya tsaya Basamariye ne, daga ƙabilar da Yahudawa suke ƙyama, suke ganin ta ɓata addini. Ya wanke raunukan, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauƙi, ya biya dinari biyu, ya kuma ɗauki alkawarin cika abin da ya ƙaru.

Abu biyu nake so ku riƙe daga wannan labari. An tuɓe mutumin, ba ya kuma iya magana, saboda haka babu riga ko karin harshe da zai nuna ko shi wane ne. Basamariyen bai san wanda yake taimako ba, bai kuma tsaya bincike ba. Sa'an nan kalmar da Luka ya yi amfani da ita wajen cewa ya ji tausayi, tushenta a Girkanci kayan ciki ne. Abin sha'awa, mu tsoro muke ajiyewa a can, mu ce hanjinsa ya kaɗa ko cikinsa ya ɗuri ruwa. Su kuwa tausayi suka ajiye. Manufa dai, abu ne da ke kama mutum tun kafin ya zauna ya yi lissafi.

Kada a ɗauka Kirista bakinsu ɗaya a kan shi sauya jinsin. Cocin Episkofal ta Amurka ta amince a 2012 cewa sauya jinsi ba zai hana mutum zama limaminta ba. Babban taron 'yan Baftis na kudancin Amurka kuwa, a 2014, ya ƙi amincewa da sauya jinsi ƙememe, yana kafa hujja da cewa Allah ne ya halicci namiji da mace. Amma a cikin ƙudurin nan dai ya la'anci cin zali da muzgunawar da ake yi wa waɗannan mutane. Fadar Fafaroma ma, a takardar da ta fitar a watan Afrilun 2024 kan martabar ɗan Adam, ta ƙi yarda da tiyatar sauya jinsi, ta kuma nanata cewa kowane mutum yana da darajar da ba a taɓa ta. Wannan fada ce, a ƙarshen 2023, ta ba wani bishop na Brazil amsa cewa ana iya yi wa mai sauya jinsi baftisma muddin abin ba zai jawo ruɗani tsakanin masu bi ba. Watau saɓanin yana kan hukuncin aikin ne. A kan haramcin zubar da jinin mai aikin babu gardama.

Sai dai rubuta ƙuduri abu ne mai sauƙi. Masu suka suna cewa wa'azin da yake siffanta mutum da ƙazanta kowace Lahadi yana share wa mai wuƙa hanya, ko da mai wa'azin bai yi nufin haka ba, kuma a ganina wannan suka tana da ƙamshin gaskiya. Shi ya sa na fi mai da hankali ga waɗanda suka sauka daga kan dabbarsu.

An taɓa yin wata mai zaman zuhudu 'yar Katolika, Sista Monika Astorga, a lardin Neuken na ƙasar Ajantina. Tun wajen 2006 ta fara karɓar masu sauya jinsi, galibinsu waɗanda iyaye suka kora tun suna yara, ba makaranta, ba mai ɗaukarsu aiki, har suka faɗa karuwanci, inda dūka da kisa suka fi samunsu. An ruwaito cewa ta tambaye su burinsu a duniya, sai ɗaya ta ce ita dai tana son gado mai tsabta da za ta mutu a kai. Ku dubi ƙanƙantar wannan buri. Sista Monika ta taimaka musu da koyon ɗinki da gyaran gashi, ta yi ta bin hukumomi, har a watan Agustan 2020 aka buɗe gidaje 12 da gwamnatin lardin ta gina domin waɗanda suka manyanta a cikinsu. Ta sha zargi daga wasu 'yan cocinta. Fafaroma Francis, wanda ya san ta tun yana babban bishop a Buenos Aires, ya rubuta mata yana ƙarfafa ta, yana cewa Allah, wanda bai shiga makarantar limamai ba, shi zai sāka mata.

A shekarar nan ta 2020, lokacin kullen annobar korona, wasu masu sauya jinsi, yawancinsu baƙi daga Latin Amurka, suka ƙwanƙwasa ƙofar coci a Torbayanika, wani gari na bakin teku kudu da birnin Rum, saboda yunwa. Limamin wurin, Andrea Conocchia, ya ba su abinci, da abin ya fi ƙarfinsa ya shawarce su su rubuta wa Fafaroma. Kadinal Krajewski, mai kula da sadakar fadar, ya aika da kuɗi. Daga baya suka riƙa halartar zaman da Fafaroma yake yi da jama'a ran Laraba, kuma a watan Nuwamban 2023 suna cikin matalauta fiye da 1,000 da suka ci abincin rana tare da shi. Francis ya rasu a watan Afrilun 2025 bai canja koyarwar cocinsa a kan jinsi ba, abin da ya sa wasu suke ganin ya gaza, wasu kuma suke ganin ya wuce gona da iri da ya zauna cin abinci da su. Irin wannan zargi na biyu, na ci da sha tare da masu zunubi, Linjila ta nuna an yi wa Yesu shi tun a zamaninsa.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.