Yadda ake cire notin salansa da ya ƙi kwancewa ba tare da asara ba

Masu mota da dama na ɗaukar sauya salansa a matsayin ƙaramin aiki: a kwance noti huɗu ko shida, a cire tsohuwa, a ɗaura sabuwa. Sai dai noti guda da kansa ya cinye, ko ƙusar da ta karye, kan mayar da aikin awa ɗaya ya zama na yini biyu, kuɗin gyara kuma ya ninka. Yawanci gaggawa ce ke jawo hakan.

Me ya sa notin salansa ke maƙalewa?

Zafin bututun da ke manne da inji kan haura digiri 500 a ma'aunin Selsiyas idan mota na tafiya, sannan ya huce idan an kashe ta. Ƙarfen na buɗewa yana tsukewa kullum, ga ruwan damina da laka, har tsatsa ta haɗe noti da ƙusa.

Matsalar ta fi yawa a motocin tokumbo da ake shigowa da su ta Legas da Kwatano. Da yawansu sun fito ne daga sassan Turai, Amurka da Kanada inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa na cin ƙarfe.

Sai kuma sifana da ba daidai ba. Motocin Toyota da Honda sun fi amfani da lamba 10, 12, 14 da 17. Idan aka ɗora 13 a kan notin 12, ko aka ja da sifana mai buɗaɗɗen baki, kusurwoyin notin za su goge ya koma mulmulalle.

A fara da mai sauƙi

Matakin farko shi ne a bar salansa ta huce, a goge tsatsa da burushin waya, a fesa man kwance tsatsa irin su WD-40, a ba shi lokaci ya ratsa. Sannan a sa soket mai kusurwa shida, domin ya fi mai 12 kama noti. A ɗan ɗaure kaɗan kafin a kwance, a riƙa kai da komowa a hankali.

Idan kan notin ya riga ya cinye, akan buga soket da ya ɗan fi shi ƙanƙanta da guduma, ko a kama shi da filaya mai kullewa. In ya ƙi, sai a gasa notin da wutar walda har ya yi ja, domin zafi na buɗa shi ya saki ƙusar. Inda salansa ke haɗuwa da bututu a ƙarƙashin mota, yanke ƙusar a sa sabuwa ya fi sauƙi.

Inda asarar take

Wurin da ya fi hatsari shi ne ƙusoshin da ke cikin kan inji, wanda a yawancin motocin yanzu na alminiyam ne. Idan ɗaya ta karye, mai walda kan ɗora sabon noti a kan guntun, ya like shi ta ciki, sannan a kwance. Kafin nan wajibi ne a cire wayar batir don kare na'urorin lantarkin motar.

Huda ƙusar da inji shi ne mataki na ƙarshe. Idan hudar ta karkace ta ci alminiyam, aikin na iya kaiwa ga sauke kan inji, ko ma neman wani a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Abin da mai mota zai lura da shi

Kada a kunna wuta kusa da tankin mai ko bututun fetur, kuma man da aka fesa shi ma yana kamawa da wuta. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Kada ka yarda a ɗaura salansa da noti ɗaya a rashe, a ce "zai yi haka nan". Hayaƙin da ke yoyo na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Tana iya shiga cikin mota ta jawo ciwon kai da jiri, har ta yi kisa idan gilasai na rufe.

Ka nemi a sa sababbin noti da sabon gasket, a shafa man hana tsatsa mai jan ƙarfe a jikin ƙusoshin. Bayan an tayar da mota, ka saurara: ƙarar "tsik-tsik" daga wajen inji, musamman da safe kafin ya ɗau zafi, alama ce cewa akwai inda bai ɗauru ba.