Benen Da Ya Ƙare A Kududdufin Kifi

Zhang Yue attajiri ne a birnin Changsha na ƙasar Sin, da ƙera na'urorin sanyaya ɗaki ya yi arziki. Bayan girgizar ƙasar Sichuan ta 2008, wadda ta danne dubban mutane ƙarƙashin ɓaraguzai, sai ya karkata akalar kamfaninsa, Broad Group, zuwa ginin ƙarfe. A 2010 ya tsayar da otal mai hawa 15 cikin kwana shida. A ƙarshen 2011 ya tsayar da mai hawa 30 cikin kwana 15.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga maginan Tasawa da Mayahi. Makonni ake yi ana kwaɓa ƙasa, ana buga tubali, ana shanyawa, ranar ɗora katanga kuwa sai ka ce tsirowa take yi. Zhang ma a masana'anta yake ƙera daɓen kowane hawa, da bututun ruwansa da wayoyin lantarkinsa. Manyan motoci su kwaso, ƙugiya ta ɗaga, ma'aikata su ɗaure da noti.

Daga nan ya ɗauko babba. Ya ce zai gina Sky City, mai hawa fiye da 200 da tsayin mita 838, wato ya ɗara Burj Khalifa na Dubai da mita 10, kuma cikin kwana 90 zai harhaɗa shi. Mutum 30,000 za su zauna ciki, ga makaranta ga asibiti. Ranar 20 ga Yuli, 2013, aka yi bikin fara aiki. Ba a rufa mako ba hukuma ta ce a dakata, izini bai cika ba. Injiniyoyi kuma suka yi ta tambaya: idan wuta ta tashi can ƙoli, ta ina jama'a za su sauko? Yaya ginin zai yi da iskar da ke kaɗawa a wannan tsayi?

Zhang bai haƙura ba. A 2015 ya kammala ƙanen benen, mai hawa 57, cikin kwanakin aiki 19, hawa uku a yini, bayan an shafe wata huɗu da rabi ana ƙera sassansa. Babban kuwa ko hawa ɗaya bai samu ba. Ruwan sama ya cika ramukan harsashinsa, mutanen ƙauyen da ke kusa suka zuba kifi suna kiwo.

A 2020 gwamnatin Sin ta hana sabon gini wuce mita 500. Burj Khalifa, wanda aka fara a 2004 aka buɗe a 2010, har yau babu benen da ya kamo shi.