Me Ya Sa 'Yan Wasan Tanis Ke Ajiye Raket Tun Da Ƙuruciya?

Da yawa daga cikinmu ba mu san wasan tanis ba sai a talabijin, inda aka riƙa nuna mana Rafael Nadal ko Serena Williams suna ɗaga kofi. Wannan ya sa ake ɗaukar duk ɗan tanis a matsayin mai kuɗi. A wannan muƙala ina so in nuna wa mai karatu cewa waɗanda wasan ke ciyarwa 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma mafi yawan waɗanda suka ɗauke shi sana'a sukan bar shi tun ƙarfinsu bai ƙare ba. Abin ya dame ni ne saboda a Mpape na tashi, a can kuma na koyi Hausa a bakin maƙwabta. Daga unguwarmu yara kan gangara Maitama su tsinci ƙwallo a filayen tanis na otal-otal da kulob-kulob, wasunsu kuma har sun iya wasan fiye da waɗanda suke yi wa tsintuwar.

Da farko sai mu fahimci bambancin tanis da ƙwallon ƙafa. Ɗan wasan Kano Pillars ma'aikaci ne. Ƙungiya ce ke ɗauke da motarsa da masaukinsa da kocinsa, kuma yana da albashi ko da an sha kashi, duk da cewa albashin kan makara. Shi kuwa ɗan tanis tamkar ɗan kasuwa yake mai cin gashin kansa. Shi zai biya kuɗin jirgi da otal da abinci, shi zai biya koci, shi zai sayi takalmi, kuma duk lokacin da igiyar raket ta tsinke shi zai biya a ɗaura wata. Ba shi da albashi sai abin da ya ci a gasa. Idan ya ji rauni kuɗin shiga ya tsaya ke nan, ga kuma kuɗin magani.

To, nawa ake ci a gasar? Gasannin duniya hawa-hawa ne. A sama akwai manya guda huɗu, wato na Ostareliya da Faransa da Amurka da kuma Wimbuldon ta Ingila. A Wimbuldon ta 2024, wanda aka fitar a zagayen farko ma ya tafi da fam 60,000. A can ƙasa kuwa akwai ƙananan gasanni na Hukumar Tanis ta Duniya, wato ITF. A tsarin 2019, mafi ƙanƙantarsu dala 15,000 ce gaba ɗayan kuɗinta, kuma 'yan wasa 32 ne ke shiga. A ɓangaren maza zakara yakan samu dala 2,160, wanda aka fitar a zagayen farko kuwa dala 156. Mai karatu ya lura cewa rabin 'yan wasan, mutum 16, a zagayen farko suke faɗuwa. Wanda ya taso daga Abuja zuwa Masar ko Tunisiya ya faɗi haka, abin da ya samu ko kuɗin otal bai biya ba, balle na jirgi.

Ba zai iya zama a gida ya huta ba kuma, domin matsayin ɗan wasa a duniya da maki ake auna shi, kuma kowane maki yakan goge bayan mako 52. Da matsayin ne ake samun gurbi a gasa ta gaba. Wato sai ka yi tafiya za ka samu maki, sai kana da maki za a bar ka ka shiga gasar da ke da kuɗi, tafiyar kuma sai da kuɗi. A ganina wannan shi ne babban tarkon da ke cikin wasan.

Ita kanta ITF ta yi lissafin a wani bincike da ta fitar a 2014. Ta gano cewa a 2013 kusan mutum 14,000 ne suka buga gasannin ƙwararru, kuma fiye da 6,000 daga cikinsu ba su ci ko sisi ba. Ta kuma gano cewa sai namiji ya kai matsayi na 336 a duniya, mace kuma na 253, kafin abin da ya ci ya biya abin da ya kashe. Wannan ma ba a sa kuɗin koci a ciki ba.

Kada a zaci matsalar ta ƙasashe matalauta ce kawai. Hukumar tanis ta Birtaniya tana samun miliyoyin fam kowace shekara daga ribar Wimbuldon, amma duk da haka Oliba Goldin, wanda ya ci gasar matasa ta Amurka a 2011, ya jingine wasan a 2014 yana da shekara ashirin. Akwai kuma Makus Wilis, wanda a 2016 yake na 772 a duniya, yana koyar da tanis a wani kulob don ya samu na abinci, har ya kusa haƙura. A shekarar ne ya ratsa wasannin share fage ya shiga Wimbuldon, ya ci zagayen farko, ya kara da Roja Fedara. Jaridu sun yi ta yayata labarin saboda irinsa ba ya yawan faruwa.

Idan haka abin yake a Ingila, ina ga Nijeriya? Muna da tarihi a wasan. Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbuldon a 1983, ya kuma kai matsayi na 52 a duniya a 1984. Shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi sun wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta 1988 a birnin Sol. Amma a duba yadda Odizor ya fita. Yaron tsintar ƙwallo ne a Legas, sai wani malamin jami'a Ba'amurke, Robert Wren, ya ɗauki nauyinsa zuwa Hustan. Sa'a ce ta haɗa shi da mai taimako. Ɗan Tony Mmoh kuwa, wato Michael, Amurka yake bugawa.

A gida muna da gasanni kamar ta Dala a Kano da ta Babban Bankin Nijeriya. Suna da amfani, sai dai ba sa ba da makin duniya. Masu ba da makin 'yan kaɗan ne. An fara Kofin Gwamna na Legas a 2000, sannan a 2019 an yi gasanni uku a jere a filin tanis na babban filin wasa na Abuja, waɗanda aka kira Tombim da Dayak da GSL. Ko a irin waɗannan, baƙi daga Turai da Indiya da wasu ƙasashe ne suka fi tafiya da kofi da maki, domin sun shekara suna karawa da manya, namu kuwa sai su yi watanni ba su gamu da wanda ya fi su ba. Sauran makonnin shekara sai an fita waje, da biza da dala. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Ke nan kuɗin tafiya ɗaya ya ninka sau uku a hannun ɗan wasan da ke tara kuɗinsa da naira.

Talaucin yana da wani haɗari kuma. Wani kwamiti mai zaman kansa da hukumomin tanis suka kafa ya ba da rahoto a 2018 cewa sayar da wasa ga 'yan caca ya fi yawa a ƙananan gasanni. Ba abin mamaki ba ne. Wanda zai samu dala 156 idan ya faɗi da gaskiya, shaiɗan ba zai sha wahala ba wajen nuna masa cewa zai samu fiye da haka idan ya faɗi da gangan. Wanda aka kama kuwa ana iya haramta masa wasan har abada.

An ɗan yi yunƙurin gyara. A 2024 ƙungiyar 'yan wasa maza, ATP, ta fara wani tsari na tabbatar wa 'yan wasa 250 na sama mafi ƙarancin kuɗin shiga a shekara, inda na rukunin ƙarshe aka lamunce musu dala 75,000. Abu ne mai kyau, amma bai kai ga na 700 ko na 1,200 ba, kuma a can ne 'yan wasanmu sukan tsaya idan ma sun samu shiga jerin.

A matsayina na mai nazarin Hausa, kalmar "ritaya" da 'yan jarida ke amfani da ita a nan ba ta kwanta mini ba. Mai ritaya a wurinmu dattijo ne da ya gama aiki yana jiran fansho. Waɗannan kuwa samari ne da 'yan mata da guzuri ya ƙare musu a tsakiyar hanya. Masu sa'a a cikinsu, waɗanda ba su yi wasa da boko ba, sukan samu gurbin karatu a jami'o'in Amurka su buga wa makaranta, kamar yadda Oyinlomo Quadre ta yi. Sauran sukan koma koyarwa. Na san wani a layinmu da ya taɓa buga gasar ƙasa. Kullum da asuba yakan hau acaɓa zuwa bakin titi da jakar raket a baya, ya shiga mota zuwa Maitama, inda yake jefa wa manyan mutane da 'ya'yansu ƙwallo ana biyansa awa-awa. Ya ce mini abin da yake samu a wata ya fi abin da ya taɓa ci a kowace gasa, kuma bai kai shekara talatin ba.