Miyar Kori a Tukunyar Matsin Tururi: Darasi Daga Madafin Indiyawa

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. To, amma a wannan zamani da uwargida ke barin ofis ƙarfe 4 na yamma, ga cunkoson hanya, ga tsadar gas da ta nama, ba kowa ke da sa'o'i 3 na zama a gaban murhu ba. Wannan ne ya sa tukunyar matsin tururi, wadda mata ke kira firesha, ta samu shiga gidajen ma'aikata da dama. Sai dai ƙorafin da na fi ji a kanta ɗaya ne: ana zuba nama mai tsada, a buɗe a tarar ya dagargaje ya zama zare-zare, ko kuma ya yi laushi a ido amma a baki kamar ana tauna auduga. A ganina, maganin wannan asara yana wurin mutanen da suka fi kowa sabawa da tukunyar, wato Indiyawa.

Asalin tukunyar dai ba daga Indiya yake ba. Wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya ƙirƙiro ta a 1679 yana zaune a Landan, kuma abin da ya nuna da ita shi ne tana iya tausasa ƙashi. Amma a Indiya ta zama kayan kowane gida, tun bayan da kamfanoni irin su Hawkins, wanda aka kafa a 1959, da Prestige suka baza ta a kasuwa. Daga baya, a 2010, aka fito da mai aiki da lantarki ta Instant Pot daga Kanada. Da irin waɗannan tukwane matan Indiya da Pakistan ke dafa miyar kori ta naman akuya da ta rago, irin su rogan josh ta Kashmir da korma, waɗanda a da ake barin su a kan wuta tsawon sa'o'i.

Ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ke faruwa a cikin tukunyar. A tukunyar da muka saba da ita, ruwa ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, komai yawan wutar da aka hura. Idan kuwa aka toshe tururi, zafin yakan kai kusan digiri 120 a ta kan murhu, ko wajen 115 a mai lantarki. Shi kuma nama abu biyu ne a haɗe: akwai tsoka, akwai jijiya. Jijiya tana son zafi da lokaci, domin narkewa take yi ta ba romo kauri da danƙo. Ita kuwa tsoka, da zarar zafi ya haura digiri 60 sai ta fara tsukewa tana matse ruwan jikinta. Ke nan gwaninta ita ce a sauke tukunya a daidai lokacin da jijiya ta narke, kafin tsoka ta gama bushewa. A zafin digiri 120, tazarar da ke tsakanin nuna da lalacewa 'yan mintoci ce kawai, ga shi kuma ba a iya buɗe murfi a ɗanɗana.

Darasi na farko shi ne zaɓen nama. Mai dafa kori a Dilli ko Lahor takan nemi kafaɗa da wuya da ƙwauri, da ƙashinsu da ɓargonsu, ta sa a yanka su manya-manya kuma daidai da juna. Tsokar cinya zalla ko ƙirjin kaza ba su da jijiyar da za ta kare su, don haka su ne suka fi saurin lalacewa.

Na biyu, ba a fara aiki da murfi a rufe. Akwai matakin da suke kira bhuna: a soya albasa a mai har ta yi ja, a zuba tafarnuwa da citta da kurkum da barkono, sannan a sa naman a yi ta juyawa har mai ya taso ya rabu da kayan miya. A nan ɗanɗano ke samuwa; tururi ba ya ƙara shi. Bayan haka a zuba ruwa kaɗan, kamar kofi 1 zuwa 1 da rabi ga kilo guda, a kankare abin da ya kama a gindin tukunya. Dalili kuwa shi ne ruwa ba ya ƙonewa a rufaffiyar tukunya, naman da albasar ma nasu ruwan za su fitar. Kuma kada a cika ta fiye da kashi 2 cikin 3.

Na uku shi ne lissafin lokaci. Indiyawa sun saba ƙirga fiton da tukunya ke yi, su ce fito 4 ko 5. Amma yawan fito ya danganta da girman tukunya da ƙarfin wuta, saboda haka ni na fi amincewa da agogo. Da zarar ta yi fiton farko, a rage wuta a fara ƙirga: naman akuya ko rago minti 15 zuwa 20, naman sa minti 20 zuwa 30, kajin gidan gona minti 6 zuwa 8. A nan ne ya kamata mu yi hattara da littattafan girki na ƙasashen waje, domin kazar Hausa da ta yi kiwo a tsakar gida da tsohuwar saniyar da ta sha tafiya sun fi dabbobin da aka rubuta littattafan dominsu tauri. Kazar Hausa takan nemi minti 20 ko fiye. Ƙa'idar da nake bi ita ce a ɗauki mafi ƙarancin lokacin. Naman da bai gama nuna ba ana iya mayar da shi wuta, wanda ya wuce kuwa ya wuce ke nan.

Na huɗu, wanda aka fi yin sakaci da shi, shi ne sauke tukunya. Idan aka ɗaga ƙarfen kan murfi aka saki tururi gaba ɗaya, romon zai ɓarke da tafasa mai ƙarfi, ya wargaza naman ya kuma busar da shi. Abin da ya dace shi ne a kashe wuta a bar ta minti 10 zuwa 15 tururin ya sauka da kansa. A tuna cewa a wannan lokaci ma naman yana ci gaba da dahuwa, don haka yana cikin lissafi. Kuma ko da wasa kada a tilasta buɗe murfi alhali akwai sauran matsi a ciki, domin ƙunar tururi ba ƙaramar masifa ba ce.

Bayan an buɗe ne ake ƙarasa miya. Dankali ya shiga a lokacin, ko a ba shi minti 4 zuwa 5 nasa shi kaɗai. Idan romo ya yi yawa, a tsame naman a bar miyar ta tafasa a buɗe har ta yi kauri. Garin ƙamshi na garam masala, mai kirfa da kanumfari da masoro, a ƙarshe ake barbaɗa shi domin kada ƙamshinsa ya gudu.

Ko shakka babu wannan tukunya tana rage lokacin girki zuwa kusan kashi 1 cikin 3, gas ma ya yi auki. Amma ba ta san bambancin ɗan akuya da tsohon bunsuru ba. Wannan aikin mai girki ne. Duk wanda ya san abin da kilon nama ke ci a aljihu, ya dace ya ajiye agogo kusa da murhu. Allah Ya sa mu dace.